Ta ina ake fara koya wa ƙananan yara karatu da rubutu?

Wata malama da ke riƙe da ajin nasare a Talata Mafara ta aiko da tambaya. Ta ce yaran da ke hannunta suna tsakanin shekara 3 zuwa 5, yawancinsu sun haddace A B C har zuwa Z suna rera shi kamar waƙa, amma da an nuna musu harafi ɗaya a tsakiyar allo sai su yi shiru. Iyaye kuma sun matsa mata lamba a kan ta riƙa ba da aikin gida na rubutu, alhali wasu daga cikin yaran kuka suke yi da zarar an miƙa musu fensir. Tana so ta san ta inda ya kamata ta fara, da abin da za ta ce wa iyayen.

Malama, na gode da wannan tambaya, domin halin da kika bayyana shi ne abin da na fi cin karo da shi a shekarun da na yi ina horar da malaman ƙananan azuzuwa a Zamfara. Ba gazawarki ba ce, kuma ba daƙiƙancin yaran ba ne. An fara ginin ne daga sama. Karatu yana farawa ne daga kunne, daga nan ya je baki, sannan ido ya shigo, hannu kuwa shi ne na ƙarshe. Harafi ba kome ba ne illa hoton sauti, kuma yaron da bai taɓa lura cewa maganar da yake yi tana rarrabuwa zuwa ƙananan sautuka ba, idan aka nuna masa harafi, an nuna masa hoton abin da bai san da wanzuwarsa ba. Shi ya sa yaranki suke iya rera A B C ba tare da sun gane ko ɗaya ba, kamar yadda yaro yake haddace waƙar da ya ji a rediyo cikin harshen da ba ya ji.

Saboda haka aikin farko, musamman ga 'yan shekara 3, shi ne horar da kunne, kuma wannan ba ya bukatar ko sisin kwabo. Ki zaunar da su a tabarma da safe, ki ce kowa ya rufe ido na ɗan lokaci kaɗan, sannan ki tambaye su abin da suka ji. A karon farko za su ce ba su ji kome ba. Na taɓa zama a bayan wani aji a Gusau ina kallon malama tana yin haka a mako na biyu da farawa, sai wata yarinya ta ce ta ji babur, wani ya ce injin niƙa, wani ya ce tunkiya ce take kuka a bayan katanga, sai yarinyar farko ta gyara masa ta ce akuya ce. Gardamar da suka yi a kan tunkiya da akuya ita ce darasin, domin kunnen da ya bambance kukan dabbobin nan biyu shi ne gobe zai bambance "k" da "ƙ". Ki samo gwangwanaye guda shida ki zuba tsakuwa a biyu, gero a biyu, yashi a biyu, ki rufe bakinsu, yara su riƙa girgizawa suna haɗa masu ƙara iri ɗaya. Ki yi tafi sau uku da tazara daban-daban su maimaita. Ki ba da umurni mai mataki ɗaya, kamar "ɗauko kofi", bayan 'yan makonni ki mai da shi biyu, "ɗauko kofi ka ajiye a kan tabarma", har ya kai uku.

Tatsuniya tana da babban matsayi a nan, kuma abin takaici ne yadda muka bar ta ta fita daga azuzuwanmu muna ganin ba karatu ba ce. Tun daga "ga ta nan ga ta nanku" yaro ya san cewa lokacin shiru ya yi, kuma sai ya amsa kafin a ci gaba, wato an koya masa sauraro da jiran lokacinsa na magana a cikin jimla guda. Idan kin gama, kada ki tsaya a "ƙurunƙus". Ki tambaye su wa ya fara zuwa, me Gizo ya ce wa Ƙoƙi, me ya faru bayan nan, me suke ganin zai faru da a ce kura ba ta dawo ba. Yaron da ya iya jera abin da ya faru daki-daki da bakinsa ya riga ya mallaki rabin abin da ake kira fahimtar karatu tun kafin ya ga littafi. Haka kacici-kacici, da maganganun karya harshe irin na ƙato da kwaɗo da ƙoto, waɗanda kakanninmu suka yi amfani da su wajen gyara lafazin yara ba tare da sun ba abin wani suna ba.

Akwai wani abu da nake roƙon kowace malama ta sa wa ido tun a makon farko. Yaron da kullum sai an kira shi sau uku, ko yake zuba wa bakinki ido idan kina magana, ko yake karkato kunne ɗaya, kada a yi saurin ce masa mai taurin kai. Ciwon kunne mai fitar da ruwa ya yi yawa a tsakanin ƙananan yara, kuma ƙyanda da sanƙarau suna iya barin yaro da raunin ji bayan ya warke, mu kuwa a Zamfara ba mu manta da annobar sanƙarau ta 2017 ba. Na san wani yaro ɗan shekara 5 da ya yi zango biyu yana shan tsawa a ƙarshen aji, sai ranar da malamarsa ta sunkuya za ta gyara masa zama ta ga wuyan rigarsa ya jiƙe da ruwan kunne. Ki tsaya a bayan yaro inda ba ya ganin bakinki, ki faɗi kalma a hankali ki ce ya maimaita. Idan kin yi shakka, ki sanar da iyayensa su kai shi asibiti a duba, ki kuma dawo da shi gaba kusa da ke.

Bayan kunne ya saba da sauraro, sai a juya shi zuwa ga maganar kanta, kuma a Hausa ƙofar shiga ita ce gaɓa. Harshenmu yana da sauƙin gini: baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da wani baƙin a ƙarshe, shi ke nan. Ki fara da sunayensu, domin babu kalmar da yaro yake ƙauna kamar sunansa. A-mi-na tafi uku, Bel-lo tafi biyu, Ab-dul-la-hi tafi huɗu. Ki ce masu tafi biyu su tsaya a dama, masu uku a hagu. Daga nan ku shiga sunayen garuruwa, Gu-sau, An-ka, Ƙau-ra Na-mo-da, da kayan miya da dabbobi. Sannan ki juya wasan, ke ki faɗi gaɓoɓin a rarrabe, "tu... ma... tur", su kuma su haɗa su gano kalmar. Wannan haɗawar da baki, ba tare da allo ko alli ba, ita ce ainihin abin da mai karatu yake yi a cikin kansa, kuma yaron da ya ƙware a kanta ba ya wahala idan haruffa suka zo.

Mataki na gaba ya fi wuya, kuma a nan ne ya kamata ki yi haƙuri, wato jin sautin farko na kalma. Yawancin yara sai sun kai shekara 4 zuwa 5 suke kama shi sosai. Ki fara da sautukan da ake iya ja, irin su "mmm" da "sss" da "nnn", ki ce "mmmasara, mmmangwaro, mmmota, wa yake da suna mai farawa haka?" Ki tara abubuwa a faifai, sabulu da soso da sanda da kofi, su fitar da wanda bai dace ba. Idan sun yi ƙarfi, sai ki kawo tagwayen kalmomin da sauti ɗaya ne ya raba su: kura da ƙura, doki da ɗoki, baki da baƙi, saya da tsaya, bari da ɓari. Ki faɗi ɗaya a cikin jimla da gangan bisa kuskure, kamar "iska ta taso da kura", ki ga yadda za su fashe da dariya su gyara miki. Dariyar shaida ce cewa kunnen ya kama bambancin.

A nan zan ɗan tsaya a kan karin harshenmu. Yaron Zamfara yana zuwa makaranta da "hwari" da "hita" da "biyat", littafi kuma yana ɗauke da "fari" da "fita" da "biyar". Kada ki ce masa ya yi kuskure, domin abin da mahaifiyarsa take faɗa ke nan, kuma Hausa ce ingantacciya. Yaron da aka kunyata a kan lafazin gidansu yakan rufe baki gaba ɗaya, mu kuwa bakin muke bukata a buɗe. Ki ce masa a gida muna cewa kaza, a littafi ana rubuta kaza, ki wuce. Lokacin da kike zaɓen misalan farko ma, ki ɗan jinkirta harafin "f" har sai sun yi nisa.

Sai kuma haruffa, wato haɗa kowane sauti da hotonsa, abin da masu horar da malamai suke kira foniks. Wannan aikin 'yan shekara 5 ne, ajin share fagen shiga firamare, kodayake wasu 'yan shekara 4 sukan nuna sun shirya. Babban kuskuren da ake yi shi ne koyar da sunan harafi na Turanci a matsayin sautinsa. Yaron da aka koya wa cewa wannan "em" ne, wancan "e" ne, idan ya ga "ma" zai karanta "em-e", ba shi da laifi. Kuskure na biyu, wanda malamai Hausawa suka fi faɗawa ciki, shi ne liƙa wa baƙi wasali, a ce sautin "m" shi ne "ma", sai yaro ya zo haɗa shi da "i" ya ce "mai". Ki rufe leɓe ki ja "mmm" kawai, ki buɗe baki ki ce "a", sannan ki matso da su kusa da juna a hankali har su zama "ma". Ba kuma dole ne a bi jerin abacada daga farko ba. Ki zaɓi haruffan da suka fi yawan fitowa, harafi ɗaya ko biyu a mako, ƙananan haruffa kafin manya. Da "a" da "m" da "n" da "k" kaɗai yaro zai karanta nama, kaka, mama, kama, Nana, kuma ranar da ya haɗa "na" da "ma" da kansa ya ɗago ido ya ce "nama!" za ki ga abin da ya sa ake son wannan sana'a. Ki rubuta haruffan a marufan kwalba ko gutsattsarin kwali, kowane yaro ya riƙa tura su da yatsa yana haɗawa yana rabawa. Ki raba "b" da "d" da tazarar makonni, domin mu haruffa huɗu ne masu kama da juna, b da d da ɓ da ɗ, kuma juya su ba abin damuwa ba ne har zuwa wajen shekara 7.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo ana fara wa yaro da babbaƙu, ya san baƙaƙen su kaɗai, sannan a kai shi farfaru a sa musu wasulla, bisa da ƙasa da rufu'a, kafin ya fara haɗawa, kuma malam ne yake rubuta masa allo tsawon lokaci kafin a ba shi alƙalami ya rubuta da kansa. Kalmomin baƙi da wasali ma daga can muka gaje su. Idan kika yi wa iyaye bayani ta wannan hanya za su fi saurin gamsuwa, domin babu uban da zai je ya ce wa alaramma ya ba ɗan shekara 3 tawada. Sai dai ki tuna cewa yaron da yake zuwa makarantar allo ko Islamiyya da yamma yana bin rubutu daga dama zuwa hagu, da safe kuma ke kina so ya bi daga hagu zuwa dama. Ki sa ɗigo babba a gefen hagu na allo ki ce daga nan muke tashi, kuma duk lokacin da kike karanta musu wani abu ki riƙa bin sa da yatsa.

Na san tambayar da za ta biyo baya ita ce ta Turanci, tunda saboda shi ne iyaye da yawa suke biyan kuɗin nasare. Ra'ayina a nan a fili yake: a fara koyon karatu da Hausa, Turanci kuma a shigar da shi ta kunne da baki, ta gaisuwa da waƙoƙi da sunayen abubuwa da gajerun umurni, kullum ba fashi. Dalilin shi ne rubutun Hausa yana bin lafazi kusan harafi da sauti, ban da tsawon wasali da karin sauti da ba a nunawa, kamar a gari na zama da gari na tuwo. Turanci kuwa haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka kusan 44, harafin "c" da muke karantawa a ciki da cokali, a can wani lokaci "k" ne wani lokaci "s", ga kuma baƙaƙe biyu ko uku a jere a farkon kalma, abin da harshenmu ba ya yi, shi ya sa muke cewa burodi. Yaron da yake fama da gano yadda haruffa suke aiki, sannan kalmar da ya haɗa da ƙyar ta fito bai san ma'anarta ba, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda. Idan ya gane dabarar haɗa sauti a harshen da yake mafarki da shi, ba ya sake koyon ta, sababbin sautuka kawai zai ƙara. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko na yankin da suke, kuma shirin RANA da aka gudanar a makarantun Zamfara da Katsina da tallafin UNICEF a kan koyon karatu da Hausa aka gina shi. Idan makarantarku tana amfani da Jolly Phonics, tsari ne mai kyau da aka yi shi a Ingila domin Turanci, shi ya sa yake farawa da s, a, t, i, p, n, alhali "p" ma babu shi a abacadar Hausa. Ki ari dabararsa ta haɗa kowane sauti da motsin jiki, amma jerin haruffan ki daidaita shi da harshenmu.

Kukan da yara suke yi a kan fensir yana da dalili a jiki. Ƙarfin hannu yana saukowa ne daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, zuwa wuyan hannu, sannan yatsu, kuma riƙon fensir da yatsu uku ba ya zama daram sai tsakanin shekara 4 zuwa 6. Ɗan shekara 3 da aka tilasta wa cika shafi da ƙananan haruffa a tsakanin layuka hannunsa ciwo yake yi da gaske, sai ya dunƙule fensirin a tafin hannu, riƙon ya zame masa jiki, ya kuma tashi da ƙin rubutu. Abin da yake bukata shi ne manyan motsi tukuna. Ki fitar da su tsakar makaranta su yi zane a ƙasa da kara, su jiƙa tsumma su zana manyan da'irori a bango, su bi layin da kika ja da toka da ƙafa sannan da yatsa. Domin yatsu kuwa, a ba su yumɓu su mulmula su gina tukwane da shanu kamar yadda muka yi a bakin rafi, su ɓare gyaɗa, su tsince wake daga tsakuwa, su zura guntayen kara a zare, su yaga takarda ƙanana, su ɓalle maɓalli su mayar, manyan cikinsu su yi carafke. Ki kula sosai da ƙananan kada su sa ƙwaya a baki ko hanci ko kunne. Siffofin ma suna da jerinsu: layi a tsaye da layi a kwance su ne na farko, da'ira wajen shekara 3, layi biyu da suka gitta juna da murabba'i wajen shekara 4, karkataccen layi da mai kusurwa uku wajen shekara 5. Yaron da bai iya karkataccen layi ba ba zai iya rubuta "k" ba kome yawan maimaitawa. Daga yashi a faranti a koma allo da alli, daga alli a koma guntun fensir mai kauri, domin gajeren fensir yana tilasta wa yatsu uku su yi aikin. Bahagon yaro kuma, wanda ana samun kusan ɗaya a cikin goma, a koya masa ci da sha da dama kamar yadda tarbiyyarmu ta tanada, amma a bar shi ya yi rubutu da hannun da Allah ya ba shi ƙarfi a ciki, a zaunar da shi a gefen hagu na benci don kada gwiwarsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa.

Duk waɗannan kada su wuce minti 10 zuwa 15 a zama ɗaya. Gajeren darasi kullum ya fi dogon darasi sau ɗaya a mako, kuma tsawa da bulala ba su da gurbi a ajin da ake so yara su buɗe baki su gwada su yi kuskure.

Su kuma iyaye, kada ki ɗauke su abokan gaba. Sun cire kuɗi daga bakinsu, kuma littafin da aka cika da rubutu shi ne kaɗai shaidar da suka sani ta cewa ana aiki, kodayake mu duka mun san cewa yawancin irin wannan aikin gida yaya ko uwa ce take riƙe hannun yaron ta rubuta. Za su ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ki amsa musu da ladabi cewa haka ne, kuma da rarrafe yaro kan tashi. Abin da ya fi gamsar da su shi ne su gani da idonsu. Ki gayyace su wata safiya a ƙarshen zango, ki bar yaro ya tafa gaɓoɓin sunan mahaifinsa, ya faɗi sautin farkonsa, ɗan shekara 5 kuma ya ɗauki marufan kwalba ya haɗa kalmar da uban ya zaɓa da kansa daga haruffan da aka koya. Aikin gida kuma ki ci gaba da bayarwa, amma ki sauya irinsa: yau kowa ya roƙi kakarsa ko innarsa tatsuniya ɗaya ya zo ya ba mu gobe, jibi kowa ya zo da abu ɗaya daga gida mai farawa da "sss", ranar Alhamis kowa ya taya mahaifiyarsa tsintar shinkafa. Ki ajiye wa kowane yaro takarda guda a farkon zango da ya yi zanen da ya ga dama, ki sake karɓar wata a ƙarshen zango, ki rubuta kwanan wata a bayan kowacce, ki miƙa wa iyayen su biyun tare a ranar da suka zo.